Babbar rigar tsohon ta ƙi zama a kafaɗa

Lawali (Tawa): Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana tara ke nan wata matsala ta hana ni barci. Ina haɗa ɗan fim ɗin katun na minti uku a manhajar Blender, na yara ne, labarin jajibirin Sallah: wani tsoho ya je karɓo ɗinkinsa wajen tela, jikarsa kuma tana gida ana yi mata kitso. Jiki da fuska na gama, tafiyar tsohon ma ba laifi. Rigar ce ta gagare ni. Babbar riga ce ta shadda. Cikin yadukan da manhajar ta zo da su, in na zaɓi siliki sai ta manne masa a jiki kamar wanda ruwan sama ya doka. In na zaɓi fata sai ta tsaya ƙiƙam kamar an kifa masa kwando. Auduga kuwa zanen gado take komawa. Abin da ya fi ci mini rai, da ya ɗaga hannu zai saɓa rigar a kafaɗa sai ta tarwatse, tsinke-tsinke ko'ina a allo. Ordinatar ɗina RAM giga 8 ce, katin hoton ma ɗan ƙarami. Wanda ya san kan abin ya taimaka, Sallar layya nake so in fitar da shi.

Ɗan Konni: Wa alaikumus salam. Ba'adare da shadda? Ka yafa masa buhun albasa ka huta.

Lawali: Kai dai ba ka rasa abin faɗi. Albasar ce ta sayi shaddar.

Nasiru (Yamai): Ƙanena, kafin a yi nisa amsa mini abu uku. Tsayin tsohon nawa ne a ma'aunin Blender? Ɗigo nawa ne a ragar da ka gina rigar da ita? A hoton farko na motsin akwai inda rigar ta riga ta nutse cikin jikinsa? Duba hamata da kyau.

Lawali: Yaya Nasiru, tsayinsa mita 1.7. Ɗigon rigar sun kai 15,000. Hamata kam ka gano ni, akwai wurin da yadin ya shige cikin hannu.

Nasiru: To tarwatsewar daga nan take. Manhajar tana ganin yadi a cikin nama, sai ta tunkuɗo shi waje da dukkan ƙarfinta a hoto guda, ɗigon da ke kusa su ja na kusa da su, shi ke nan riga ta zama bushiya. Ka fara da tsohon a tsaye hannuwa a buɗe, ka ba rigar kamar hoto 40 ta sauka ta natsu, sannan ya shiga motsinsa. Kuma kada ka bar rigar tana karo da ainihin jikinsa. Yi masa wani jiki na ɓoye marar ɗigo da yawa, ka rame shi a hamata da tsakanin cinyoyi, da shi rigar za ta riƙa karo. Ba kai kaɗai hamata ta dama ba. Mutanen Pixar, kamfanin katun na Amurka, sai da suka rubuta takarda sukutum a 2003 kan yadda za a warware yadin da ya maƙale a irin waɗannan lunguna.

Hadiza (Yamai): Bari in sa baki, tunda kimiyyar lissafin motsi nake koyarwa a lise, katun kuma abin sha'awata ne na dare. Lawali, abin da kake kira riga, a wurin kwamfuta ɗigo ne masu nauyi da aka ɗaure da sifirin. Wasu sifirin suna hana yadin miƙewa, wasu suna hana shi karkacewa ta kusurwa, wasu suna hana shi lanƙwasa. A kowane hoto tana lissafa inda nauyi da iska da jan sifirin za su kai kowane ɗigo. Yadi na gaske kusan ba ya miƙewa amma yana lanƙwasa cikin sauƙi, don haka sifirin miƙewa sai sun yi tauri ƙwarai, sifirin mai tauri kuwa shi ke sa lissafi ya haukace in an yi dogon taku. David Baraff da Andrew Witkin ne suka fito da dabarar shawo kan wannan a 1998, kuma har yau ana cin gajiyarta.

Amma ga abin da ya ba ni dariya. A Blender nauyin da kake gani na ɗigo guda ne, ba na rigar duka ba, kuma yana zuwa a kan kilo 0.3. Ninka da ɗigonka 15,000. Kilo 4,500. Ka ɗora wa dattijo tan huɗu da rabi, kana mamakin ya kasa saɓawa.

Ɗan Konni: Allah sarki tsoho. Ashe buhun albasar ma rangwame ne.

Nasiru: Malama, lissafinki daidai ne amma kada ki sa yaron ya ruɗe. Lambobin taurin da ke ciki ba awon duniya suke bi sak ba, an daidaita su ne da wannan nauyin. In ya zabge nauyi zuwa na gaskiya lokaci guda, iska za ta ɗauke rigar kamar leda a kasuwa. Ya rage kaɗan-kaɗan yana kallo.

Hadiza: Na yarda. Shi ya sa ban ce ya bi lamba ba, ya bi yadin. Akwai gwajin da masana yadi suke yi tun da daɗewa: a yanka da'ira mai faɗin santimita 30, a ɗora ta a kan faifai mai santimita 18, a ga yadda gefen ya zubo da ninki nawa ya yi. Murfin kwano da gwangwanin madara sun isa. Ɗauki hoto daga sama da gefe, ka gina abu ɗaya a Blender, ka yi ta murɗa taurin lanƙwasa har na allo ya yi kama da na kan gwangwani. Da'ira ɗaya tana gama lissafi cikin ƙiftawar ido, ba sai ka jira rigar duka kowane gwaji ba.

Lawali: Wannan dabara ta yi, Anti. Sai dai wa zai ba ni shadda in yanka?

Malam Idi Tela (Tawa): Salamu alaikum. Ɗana ne ya sanya ni cikin wanga zaure don yana cewa ana zancen zane-zanen ɗinki, yau dai na ga ranar shi. Lawali, ƙyallaye cike da buhu gare ni, ka zo ka ɗiba. Amma ku tsaya in gaya muku, tun ɗazu kuna ta siliki da fata, ba ku san mi kuke nema ba. Shadda auduga ce. Abin da ya raba ta da zanen gadonka, an ba ta ƙaro ko sitati, an kai ta wurin mabuga sun ɗora ta bisa gungume sun yi ta dukanta da itace har ta yi santsi da ƙyalli. Wadda ta sha bugu ba ta zubowa, karyewa take. Ba ta yin ƙananan tamoji irin na atamfar da ta sha wanki. Babban ninki take yi, uku ko huɗu, masu kaifin baki, tsakaninsu kuma fili shimfiɗe kamar kwano. In mutum ya zauna ya tashi, karyar tana nan ba ta komawa.

Sannan layin ninki. Sabuwar riga in ta fito daga bugu a ninke take murabba'i-murabba'i, mai ita kuma ba ya son a goge wanga layi, shi ke shaida wa jama'a sabuwa ce. Tsohonka in ya fito ran jajibiri da riga babu layin ninki, duk wanda ya gani zai ce aro ya yi.

Kuma gaban riga da bayanta ba nauyinsu ɗaya ba. Wurin aiki, daga wuya zuwa aljihu, zare ya cika shi, ya yi tauri kamar tabarma, yana jan rigar gaba. Shi ya sa kake ganin mutum yana kai hannu yana maido wuyan riga baya.

Lawali: Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi abin da ka faɗa a nan ban same shi a bidiyon koyarwa ko ɗaya ba, kuma na kalli sun fi talatin.

Nasiru: Ina za ka same shi? Masu bidiyon wandon jins da labule suke gwadawa. Abin da Baba ya kwatanta, yadi ya karye ya riƙe karyar, yadin Blender ba ya yin sa, kullum yana neman komawa siffarsa ta farko. Vellum, tsarin lissafin yadi na cikin manhajar Houdini, yana da wannan, amma kada ka ma fara da na'urarka. Yi wayo: ka sassaƙa layin ninkin da manyan karyoyin a jikin rigar tun kafin lissafi, su zama su ne siffarta ta asali. Wurin aiki kuma ka shafa masa rukunin ɗigo na daban ka ɗaga taurin lanƙwasarsa. Ka kuma rage ɗigon, 15,000 sun yi yawa. Raga mai ƙananan idanu ita ke haifar da ƙananan tamoji. Yi lissafi da riga mai ɗigo 4,000 ko ƙasa, ka ɗaura kyakkyawar rigar mai aiki a kanta ta bi ta.

Game da saɓawa kuwa, shawarata ka guje ta. Ka sa rigar ta fito a saɓe tun farko, ka kafe ta a kafaɗa, ƙasan kaɗai ya yi motsi. In lokacin saɓawa ya zo, kyamara ta koma fuskar tela, ta dawo an riga an gama. A wurin aikinmu na talla haka muke yi, babu wanda ya taɓa kamawa.

Lawali: A nan kam ban bi ka ba, Yaya. Fim ɗin gaba ɗaya don wannan saɓawar na yi shi. Kakana in ya sa sabuwar riga, yadda yake tattara hannun rigar ya wurga a kafaɗa ya ɗan ɗaga haɓa, shi ne Sallar. In na ɓoye wannan, mi ya rage? Tsoho yana tafiya cikin tanti.

Nasiru: Sha'awa daban, giga 8 daban. Yadi ninki biyar a kan juna, kowane yana karo da ɗan uwansa, ga hannu yana wucewa da sauri. Ko ka ɗaga matakan lissafi daga 5 zuwa 20 sai wani ya huda wani.

Baba Mamman (Tawa): Ku yi haƙuri da tsoho, ni ban san sifirin ba ban san ɗigo ba, malamin makaranta ne mai ritaya. Amma ina karanta ku ina mamaki, kuna garin Tawa kuna ta ambaton Amurka, babu wanda ya tuna Moustapha Alassane. Mutumin nan a nan garin ya zauna shekaru masu yawa, yana da otel, a ciki yake aikinsa na fim. Tun 1966 ya yi Bon Voyage Sim, kwaɗi ne suke shugabanci da ziyarar ƙasa, da zanen hannu. Ya je Kanada ya ga aikin gwanin katun Norman McLaren. Daga baya ya koma 'yan tsana, yana motsa su kaɗan ya ɗauka, ya motsa ya ɗauka, har kokowa ya sa dabbobi suka yi. Ya rasu a 2015 a Wagadugu, Allah ya jiƙansa. Abin da nake nufi, ɗan tsana in ka ɗinka masa riga da ƙyallen gaske, yadin da kansa yake yin abin da kuke kwana tara kuna roƙon na'ura ta yi. Ban ce ku koma baya ba. Na ce dai mutumin bai jira kayan aikin wasu ba.

Ɗan Konni: Amin. Baba ya kashe bakin kowa.

Nasiru: Allah ya gafarta masa, ba a ja da wannan suna. Amma Baba, da girmanka, zamani ya juya. Yaran da Lawali yake yi wa fim sun saba ganin katun na waje a wayar uwarsu, gashi yana kaɗawa, riga tana lilo. In ka ba su abu mai ƙagewa za su ce na gida ne, su wuce. Ni abin da ke ƙona mini rai ke nan, a riƙa yi mana uzuri.

Hadiza: Nasiru, ɗazu kai ne mai cewa a ɓoye saɓawa, yanzu kai ne mai kishin a yi kamar na waje.

Nasiru: Ɓoye abin da ba ka iyawa daban, nuna shi a gurguje daban.

Hadiza: To ga tsakiya. Abin da na ɗauka daga maganar Baba Mamman shi ne hannu. Saɓawar nan ba ta wuce sakan biyu ba, hoto 48 ke nan. Mi zai hana Lawali ya motsa ta da hannunsa kamar mai ɗan tsana? Ya jera ƙasusuwa irin waɗanda ake motsa jiki da su a manhajar, shida ko bakwai, a bakin hannun rigar, ya kafe ɗigon wurin a kansu, ya tattara su hoto bayan hoto yadda yake so. Sauran yadin da ke rataye ya bar wa lissafi ya biyo baya. A wannan ɗan wurin ya kashe karon yadi da kansa, tunda shi ke riƙe da ninkin, inda ya huda kuma ya gyara da sassaƙa. Su ma manyan kamfanonin suna da mutanen da aikinsu ke nan, bin hoto ɗaya-ɗaya suna gyara abin da lissafi ya ɓata.

Malam Idi Tela: Ɗiyata ta yi magana. Amma in za ka yi da hannu, ka yi shi daidai. Ba wurgi ɗaya ba ne. Hannu daga ciki yake fitowa, ya kamo bakin rigar, yatsu su tattaro ta ninki biyu ko uku, gwiwar hannu ta tashi, sannan a aza bisa kafaɗa, kafaɗar ta ɗan yi sama ta karɓa. Gefe ɗaya tukuna, sannan ɗayan. Kuma sabuwar shadda santsi gare ta, ba ta zama. Taku goma ta zamo, a sake azawa. Wanda rigarsa ta zauna daram tun safe har azahar, tsohuwa ce ya sa. Ka zo shago ran Juma'a bayan an sauko, ka tsaya bakin hanya da wayarka, za ka ga saɓawa iri ɗari. Ka dai nemi izini kafin ka ɗauki mutum.

Lawali: Zamowar nan! Baba ka ba ni ƙarshen fim ɗin. Ina ta faɗa da rigar don ta ƙi zama, ashe haka ake so.

Zabairu (mai kula da zaure): Ina tunatarwa, masu turo tallar katin waya a tsakiyar magana, na goge. Ku ci gaba.

Lawali: Saura gashin yarinyar. Nan ma ban san ta inda zan kama ba. Na gwada gashin da ke cikin Blender, na murɗa lanƙwasa har ƙarshe, abin da ya fito kamar taliyar da ta kwana.

Ɗan Konni: Ka ɗaura mata kallabi mana. Tsoho hula, yarinya kallabi, an gama. Mu ai Allah ya hutar da mu wahalar gashi a fim.

Lawali: Ana yi mata kitso da kallabi a ka?

Ramatu (Tawa): Ku matsa masu gemu, an zo fagenmu. Shekara goma sha huɗu ina kitso. Lawali ƙanena, wane iri za a yi mata, kuma a fim ɗin an fara ne ko an kusa gamawa?

Lawali: Shuku, Yaya Ramatu. An yi rabi.

Ramatu: To kanta kashi biyu ne, kuma babu wanda yake kaɗawa a ciki. Wanda aka kitse ya kwanta a fatar kai, ko ta yi tsalle ba ya motsi, sai dai jelar da ta taru a tsakiya, ita ma in an sa mata duwatsu ne take lilo. Rabin da aka tsefe kuma tsaye yake, ba ya zubowa kafaɗa. In na danna shi da tafin hannu ya shige kamar soso, in na ɗaga ya taso a hankali. In na ja sili ɗaya zai miƙe ya ninka tsawonsa ko fiye, in na saki ya koma. Wannan taliyar taka gashin 'yar tsanar kanti ce.

Abin da zai sa mace ta kalli fim ɗinka ta ce lallai kitso ne, tsaga ce. Layin fatar kai ya fito fes, a miƙe, yana ƙyallin mai. Sai ƙananan gashin goshi da na ƙeya da ba sa kamuwa. Sai kuma ita yarinyar: kanta a kan cinyata a karkace, fatar goshi ta ɗame har gira ta ɗaga, ido ɗaya a runtse, kafaɗa ta haɗe da kunne duk lokacin da tsinke ya sauka. Hannuna kuma ba ya tsayawa, ina kitsawa ina tsinto sabon gashi daga gefe da ɗan yatsa. In ka samu waɗannan, ko da igiya ka yi kitson za a yarda.

Hadiza: Ramatu, abin da kika faɗa a tsaye, masana sai kwanan nan suka zauna a kansa. Yadda aka saba yi, kan mutum yana da sili wajen 100,000, ba a iya lissafa su duka, sai a lissafa 'yan ɗaruruwa a matsayin jagora, sauran a cike tsakaninsu su kwaikwayi na kusa. Ga gashi mai santsi wannan ya wadatar, don sili yana bin maƙwabcinsa. Namu kuwa kowane sili murɗaɗɗe ne, ba a zagaye yake ba, yana da ɗan faɗi, kuma juyawa yake yi ba lanƙwasa kawai ba. Silin da ya miƙe ɗigo 8 sun ishe shi. Mai murɗi 30, in ka ba kowane murɗi ɗigo 8, ya zama 240. Ninka da 100,000, ɗigo miliyan 24 a kan yarinya ɗaya.

Pixar sun yi dodo mai gashi sama da sili miliyan 2.3 tun 2001. Da za su yi yarinya mai jan gashi nannaɗaɗɗe a fim ɗin Brave na 2012, sai da suka gina sabuwar manhajar lissafi dominta. Irin namu kuwa a ƙarshen 2024 Theodore Kim na jami'ar Yale da A.M. Darke da abokan aikinsu suka gabatar da takarda musamman a kan siffarsa. Sun nuna cewa kusa da fatar kai a cakuɗe yake kamar soso, sai ya yi nisa silin suke haɗuwa su murɗe tare, kuma murɗin yakan juya baya a tsakiya kamar igiyar tsohuwar wayar tarho. Ita Darke ɗin ce ta kafa wata taska ta kyauta a intanet ta samfurin gashin baƙar fata.

Ramatu: Juyawar nan ai ita ce take kama mashaci yara su yi ta kuka. Da sun tambaye ni da na hutar da su.

Nasiru: To a aikace, Lawali: kitson ka gina shi kamar igiya mai tufka uku a kan layukan da ka zana a fatar kai, ka ɗaure shi da ƙashin kai, babu lissafi ko kaɗan. Jela ƙashi uku ya ishe ta. Rabin da aka tsefe ka yi dunƙule mai taushi a ciki, ka yafa masa gajerun murɗaɗɗun sili a sama da sabon tsarin gashin da ya shigo tun Blender 3.3, dubu kaɗan ba dubu ɗari ba. Dannawar hannu ka yi ta da sauya siffar dunƙulen. Launi kuma kada ka sa baƙi ƙirin. A Cycles, injin fitar da hoto na Blender, akwai ma'aunin sinadarin da ke ba gashi duhu, ɗaga shi sama ka bar haske ya yi aikinsa, in ba haka ba kan zai fito kamar rami.

Ɗan Konni: Wato yanzu ba za a yi gashin gashi ba ke nan.

Baba Mamman: Mi ne ne kuma gashin gashi?

Nasiru: Baba, in an gama lissafin motsi ana adana shi don kada a sake, masu manhajar suna kiran wannan gasawa. Shi ne yake wasa da shi. Tunda an tabo nan, Lawali, gasa rigar a kan faifan na'ura, kada ka bar ta a RAM. Kuma kada ka fitar da fim ɗin a bidiyo kai tsaye, fitar da shi hoto-hoto, in kuran ya ɗauke a na 900 ka tashi daga 901. Minti uku a hoto 24 kowane sakan, hoto 4,320 ne. In kowane ya ci minti biyu, awa 144, kwana shida cur ba tsayawa. Yi tunanin Eevee, ɗayan injin fitar da hoton mai sauri, ga wuraren da ba a matso da kyamara ba.

Lawali: Kuran ya riga ya koya mini wannan karatu, sau biyu. Ga zafi, jiya da rana 44 wayata ta nuna. Na ɗora na'urar a kan bulo biyu, fanka na kaɗa mata ni ina gumi.

Ɗan Konni: Ɗora ta kan randa.

Lawali: Barkanmu da war haka. Na dawo da rahoto. Na je wurin Baba Idi ran Juma'a, na samo ƙyalle uku: sabuwar shadda, wadda aka wanke sau da yawa, da atamfa. A kan murfin kwano sabuwar ninki huɗu ta yi, gefenta ma bai sauka sosai ba. Wankakkiyar ta yi shida, atamfar bakwai. Na kai taurin lanƙwasa wurin da ban taɓa zaton zan kai ba kafin ta allo ta yi huɗu. Rigar yanzu ɗigo 3,600, ba ta tarwatsewa. Saɓawar ta ci mini dare uku, ga ta nan na tura, sakan shida ne har da zamowar. Na kuma naɗi ƙarar shaddar a shago na sa a kai.

Hadiza: Kai! Ƙarar ta yi rabin aikin. Sai da na ji ƙamshin sabon yadi.

Nasiru: Na janye maganata ta ɓoyewa. Amma a hoto na 61 babban yatsansa ya huda yadin, duba. Kuma ƙasan rigar yana makara kaɗan in ya juya, rage jan iska.

Ramatu: Yarinyar fa? Tsagar ta biyu daga kunne ta karkace. In ni na yi wannan uwarta ba za ta biya ni ba.

Lawali: Zan gyara, Yaya. Sai dai yatsun mai kitson ne ban san yadda zan yi da su ba, sauri gare su, na kasa bin su a bidiyo.

Ramatu: Zo gida ran Talata da hantsi, ƙanwata za ta zauna, in yi maka a hankali. Ka taho da goron Inna.

Malam Idi Tela: Na gani a wayar ɗana. Kafaɗar ta yi. Amma aljihun ka sa shi dama, hagu yake. Kuma wandon ya cika tsawo, tsoho ba ya jan wando a ƙasa.

Lawali: Innalillahi. In na juya aljihun sai na sake shafa taurin, in sake gasawa.

Malam Idi Tela: To sake. Ni ma in na kuskure farkewa nake.